Ƙarin Rigar Jijiya a Tumbi: Yadda Muka Koyi Gane Shi

Mu masu yanka tsokar da likitan tiyata ya ciro, mu rina ta, mu duba ta a madubin ƙara girma, da sunaye biyu aka yaye mu. José Verocay, ɗan Uruguwai mai aiki a Firag, ya bayyana a 1910 yadda ƙwayoyin ƙarin da ke tsirowa daga rigar jijiya ke jeruwa sahu biyu kamar darni, da fili a tsakani. A 1920 Nils Antoni na Suwidin ya raba naman gida biyu, mai cunkoso da mai sako-sako. Malamanmu suka ce in ka ga waɗannan, ka ga shiwanoma.

To, a tumbi da hanji wannan karatu bai cika fitowa ba. Jerin Verocay da wuya a gan shi, ƙarin kuma ba shi da kwanso. Shi ya sa aka daɗe ana rubuta masa sunan ƙarin tsoka. Sai a 1988 Daimaru da abokan aikinsa a Japan suka nuna alamarsa: ƙwayoyin garkuwar jiki sun yi masa zobe a gefe, kuma yana kama rinin S100 sosai.

Abin da ya mai da wannan bambanci batun rai ya zo a 1998, da Hirota ya gano canjin ƙwayar halitta ta KIT a ƙarin GIST, wanda a ido yake kama da shiwanoma. Shi GIST yana iya bazuwa, kuma tun 2002 aka amince da maganin imatinib a kansa. Wanda ƙarinsa ke da haɗari yakan sha shi shekara 3 bayan tiyata. Shiwanomar tumbi kuwa, in an cire ta duka, kusan kullum magana ta ƙare.

Ka ɗauki manomi daga Kance da aka turo daga Matamaye zuwa babban asibitin Damagaram, yana aman jini. Sunan da muka rubuta a takardarsa shi zai sa ya koma gona ko ya sayar da ita don magani. Ido kaɗai yakan yi zato, amma rinin S100 da na CD117, wato KIT, ne ke yanke hukunci. Ina roƙon hukumomin lafiya su wadata jihar Damagaram da waɗannan rini biyu da ma'aikatan da suka iya su.