Raba Aiki a Ɗakin Jinya: Nazari Daga Asibitin Komfo Anokye

Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke Bantama, wanda mutanen Kumasi ke kira Gee, yana da gadaje wajen 1,200, kuma har daga arewacin Gana ake turo masa marasa lafiya. A irin wannan wuri nas ɗaya ba za ta iya kama komai da hannunta ba, dole ta raba aiki. Ƙaurar ma'aikata ta ƙara matse lamarin, domin a 2022 kaɗai nas-nas 'yan Gana sama da 1,200 suka shiga rajistar aiki a Birtaniya.

Hukumar Nas-nas da Ungozomomi ta Gana, wadda ke aiki a ƙarƙashin Doka ta 857 ta 2013, ta bambanta nas mai rajista da mataimakiyarta mai horon shekara biyu. Mataimakiya za ta iya auna zafin jiki da hawan jini, ta yi wa majinyaci wanka, ta juya shi kada gado ya ci masa baya. Amma tantance abin da awon ke nufi da yanke shawara a kansa suna wuyan nas. Idan ta miƙa aiki, alhakinsa yana nan a kanta. Shi ya sa "ki duba mini gado na huɗu" bai isa umarni ba. Sai ta faɗi abin da za a auna, da lokacin, da alamar da in an gani za a kira ta nan take, sannan ta koma ta duba da idonta.

Akwai kuma wadda littattafan koyarwa ba su cika ambata ba, wato mai jinya. Uwa ko ƙanwa mai jin Hausa daga unguwar Aboabo ko Asawase, wadda ke zaune a bakin gado, ita ke ba da abinci, ta lura da fitsari, ta ga lokacin da ƙarin ruwa ya ƙare. Aiki aka ɗora mata, sai dai sau da yawa da Turanci ko Tuwi ake yi mata bayani, cikin gaggawa, ita kuwa kunya ta hana ta cewa ba ta gane ba. A ganina, nan ne sarƙar raba aiki ta fi rauni. Ya kamata shugabar ɗaki ta nemi ma'aikaciya mai jin Hausa ta yi bayanin, kuma a sa mai jinya ta maimaita abin da aka gaya mata kafin nas ta bar gadon.