Daga Faranti Zuwa Waya: Tarihin Tallan Sana'ar Cikin Gida a Ƙasar Gandi



Idan muka ga matar aure a Gandi ta ɗora hoton ƙuli-ƙulinta a WhatsApp, sai mu ɗauka sabon abu ne. Wayar ce sabuwa, matsalar kuwa tsohuwa ce: ta yaya mace mai kulle za ta sanar da na waje cewa tana da abin sayarwa?

Iyayenmu mata sun daɗe da amsarsu. Yarinya ce ke ɗaukar faranti ta bi lungu-lungu tana kiran fura ko ƙosai ko daddawa. Kaya masu tsada, irin su zane da kwanuka, dillaliya ke shiga da su gida-gida. Ribar tallan kuwa akan tara ta ne don kayan ɗakin yarinyar. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta wallafa nazari a 1969 inda ta kira wannan harka ɓoyayyen ciniki, domin kasuwa ce babba da ke ci a bayan katanga. Abin da ta gani can shi ne muka taso muka tarar a Gandi da Rabah da Wurno da Goronyo.

Amma tallan yana da tsadarsa. Yarinyar da ke yawo da faranti da hantsi ba ta cikin aji, kuma ko dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ba ta sauke farantin daga kanta ba, tunda gida na buƙatar kuɗin.

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya ta iso ƙauyukanmu. Da farko kira ne: a bugo a ce a ajiye man gyaɗa kwalba biyu. A 2017 WhatsApp ya fito da status na hoto da bidiyo, sai talla ta koma tafin hannu. Wadda ba ta iya rubutu ba ma ta samu hanya, ta aika saƙon murya. Ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 kuma ya tilasta wa da yawa koyon karɓar kuɗi ta taransifa.

Sai dai wannan hanya ba ta da tabbas. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Rabah da Goronyo. Duk wadda cinikinta ya rataya ga waya sai da ta koma neman yarinyar aike, a lokacin da fita kanta ta zama abin tsoro. Ko yau, waya tana yin shela ne kawai. Kai kaya ga mai saye yana hannun yara da 'yan kabu-kabu.

Ga aikinmu na wannan mako. Kirarin talla na kowace sana'a yana bakin tsofaffinmu, kuma in sun tafi zai tafi da su. Kowannenmu ya zauna da kakarsa ko tsohuwar dillaliyar unguwarsu, ya tambaye ta me ta sayar, wa ya ɗaukar mata talla, yaya ake kiran hajar. Ya rubuta da bakinta, da Sakkwatancinta, kada ya gyara mata harshe.

Allah Ya sa albarka a alƙalumanmu.