Fiɗiyar Zakara: Asalinta da Abin da Ta Haifar

Hausawa suna da kalmomi biyu na hana dabba barbara, watau dandaƙa da fiɗiya. Dandaƙa bugu ce, ana ƙuje maraina daga waje. Fiɗiya kuwa yanka ce, a tsaga a cire. Wanda ya ga tauren akuya a kasuwar Mai'adua ta ran Lahadi, can ƙasar Daura, ba zai yi mamaki ba, gama aikin sananne ne. Malamanmu ma sun san hukuncinsa, domin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan ya nuna cikin Risala babu laifi a fiɗiye tumaki da awaki sabo da gyaran namansu, amma an hana a yi wa dawaki.

To, zakara dai ba ya dandaƙuwa, domin marainansa suna cikin ciki ne, manne da ƙashin baya, kusa da ƙoda. Sai a hana ɗan zakaran abinci wajen kwana guda don hanjinsa ya saɓe, sa'an nan a tsaga tsakanin haƙarƙari biyu na ƙarshe a zaro su. Babbar jijiyar jini tana daf da wurin, in wuƙa ta goce ya mutu nan take. In kuwa aikin ya yi kyau, zankonsa ba ya girma, ya rage cara, ya bar faɗa da bin kaji, abin da ya ci duka ya koma tsoka da kitse.

Wannan sana'a tsohuwa ce ƙwarai. Tun ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, Aristotul na Girka ya ba da labarin yadda ake ƙona zakara da ƙarfe mai zafi wajen gindin wutsiya don ya bar barbara. A shekara ta 161 kafin Miladiyya aka kafa doka a birnin Rum, aka hana kawo turkakkiyar kaza wurin biki. Pliny ya ce sai mutane suka yi dabara, suka koma turke zakaru da abinci jiƙaƙƙe da madara.

Amma babban abin da zakara ya yi wa ilmi ya auku ne a Gotingen ta Jamus cikin 1849. Wani likita, Arnold Berthold, ya ɗauki 'yan zakaru shida. Biyu ya fiɗiye su sarai, biyu ya bar musu maraini ɗaya ɗaya, biyun ƙarshe kuwa ya cire nasu, ya dasa wa kowane na ɗan'uwansa cikin ciki. Waɗanda aka yi wa dashen suka yi zanko, suka yi cara, suka yi faɗa. Da ya feɗe su sai ya tarar jini yana ratsa dashen, amma babu jijiyar saƙo da ta haɗa shi da jiki. Nan ya gane cewa wani abu ne yake bin jini. Sai 1935 aka tace sinadarin nan a Amsterdam, aka sa masa suna testostiron.

Daga baya Amurka ta gwada gajeriyar hanya, ana cusa wa zakara ƙwayar sinadari a ƙarƙashin fatar wuya maimakon yanka, har aka hana cikin 1959 don tsoron cutar daji. Ingila ta hana fiɗiyar zakara cikin 1982 sabo da azabar da ke cikinta. Mutanen Bresse ta Faransa kuwa har yanzu suna turke fiɗiyayyun zakaru don Kirsimeti.

Kajin gidan gona, masu isa yanka cikin mako shida ko bakwai, sun rage wa sana'ar kasuwa. Amma mai kiwon kajin gida, wadda zakarunta suka yi yawa suna ta yi wa juna rauni, tana iya samun amfani da ita. Sai dai akwai tarko. Zakaran da ya fi girma shi ne ya fi jan ido ga mai son nama, shi ne kuma ya kamata ya zama uban tsaki. In aka fiɗiye shi aka bar ƙanƙararre yana barbara, an ci riba bana, an ɓata iri baɗi. Sabo da haka zaɓen wanda za a bari shi ne farkon aiki, kafin a wasa wuƙa.