Guzurin Masu Hajjin Ƙasa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

'Yan'uwa, garin nan namu na Injamena, tun ana ce masa Fort-Lamy kafin a sauya sunan a 1973, zango ne na alhazan ƙasa. Ayari kan taso daga Kano ko Damagaram, ya ratsa Barno, ya ƙetare kogi a Kusuri ya sauka nan. Daga nan sai Ati, Abeshe, Adire, a shiga Darfur ta Junaina, a wuce Fashir da Nahud har Ubayyid, inda jirgin ƙasa ya iso a 1912. Mai kuɗi ya hau jirgi, marar shi ya ci gaba da sayyada har bakin Bahar Maliya, a Sawakin ko Port Sudan, a ƙetara zuwa Jidda. Tafiyar ta haura kilomita 3,000, wani ya yi ta a shekara biyu, wani har bakwai ko fiye.

To me suke ɗauka? Kayan ba yawa. Salka ce kan gaba, don tsakanin rijiya da rijiya akan yi kwanaki. Sai buta, sanda, malafa, takalmin fata da basilla ta gyaransa, buzun salla wanda shi ne kuma shimfiɗa, da ƙyastu na kunna wuta. Malami ya rataya gafakarsa da allo. Abinci kuwa wanda ba ya lalacewa ne: garin gero, kilishi, ƙuli-ƙuli, kuka, daddawa, tsamiya da kanwa. Mai jaki ya ɗora masa, marar jaki ya ɗauka a ka, shi ya sa duk abin da ba dole ba akan bar shi a gida.

Suna da ƙa'idojin tafiya. Ana tashi bayan kaka, hatsi ya yi araha, hanya ta bushe. Ana sammako, in rana ta take a nemi inuwa, sai la'asar a ɗora. Ba a tafiya sai cikin ayari, da madugu da ya san rijiyoyi. In damina ta riske su sai su yada zango su yi noma. Sun kuma san hukuncin ƙasaru da taimama tun kafin su bar gida.

Amma guzurin da ya fi salka nauyi shi ne sana'a. Gari kan ƙare kafin Abeshe, sana'a ba ta ƙarewa. Wanzami ya yi aski, baduku ya yi ɗinki, malami ya karantar da yara, mata su soya ƙosai. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, da yawa can suka yi ƙodago suka tara kuɗin jirgin ruwa. Wannan ya dace da mazhabarmu ta Malikiyya: mai iya tafiya a ƙasa, hanya da aminci, yana da sana'ar da za ta ciyar da shi, ana lissafa shi cikin masu iko. Bukhari kuma ya ruwaito cewa aya ta 197 a Suratul Baƙara, mai umarni da yin guzuri, ta sauka ne kan wasu mutanen Yaman da ke zuwa hajji hannu rabbana da sunan tawakkali, sannan su koma roƙon mutane.

Ba kowa ya dawo ba. Wasu sun rasu a hanya, wasu sun zauna. Garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, wanda Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, ya zama masaukin alhazai, har yau ana jin Hausa da Fulatanci a can.

Ɗalibai, ku nake wa wannan tuni. Yau muna ganin samari suna hawa mota su nufi sahara da jarka ɗaya, ba sana'a, ba sanin hanya, ba izinin iyaye, suna cewa Allah na nan. Lalle Allah na nan, amma kakanninmu da suka fi mu tawakkali sai da suka cika salka, suka koyi aikin hannu, suka biya bashi, suka bar wasiyya, sannan suka fita. Duk mai niyyar tafiya, ta ibada ko ta neman halal, ya fara da nan.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kira mu ɗakinSa. Wallahu a'alamu.