Daga Ma'aunin Taku Zuwa Wayar Hannu

Abin da za mu duba yau shi ne yadda na'ura ta shiga aikin da a dā na likita ne, watau jan kunnen mutum game da cinsa da motsinsa.

Mafarin abin ciniki ne. A shekarar 1965 kamfanin Yamasa na ƙasar Japan ya fito da wani ɗan ma'auni mai suna Manpo-kei, ma'anarsa ma'aunin taku dubu goma. Daga sunan haja ne adadin nan na 10,000 ya game duniya, har jama'a suka ɗauke shi tamkar umarnin asibiti.

Hujjar likitoci sai daga baya ta zo. A 2002 aka buga sakamakon wani babban bincike a Amurka kan mutum 3,234 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka sa su nemi rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58. Masu shan maganin metformin kuwa da kashi 31. Amma fa kowa da mai kula da shi, darasi 16 ido da ido. Wace gwamnati ce za ta iya ɗaukar wannan nauyi ga miliyoyin talakawanta?

Nan ne waya ta sami ƙofa. A 2011 shirin txt2stop na Birtaniya ya nuna abin da saƙon waya zai iya. Cikin mashaya taba 5,800, waɗanda aka riƙa aika wa saƙon da ya dace da halin kowannensu, kashi 10.7 sun daina bayan wata shida, saura kuwa kashi 4.9. Riba ce, ko da yake kusan tara cikin goma ba su rabu da tabarsu ba.

Sai dai ma'aikacin da za a kawo wa tallar irin wannan shiri ya tuna da binciken Jami'ar Pittsburgh na 2016. An raba masu ƙiba gida biyu, duka ana ba su shawara, aka ɗaura wa rabinsu na'ura a dantse. Bayan shekara biyu masu na'urar sun rage kilo 3.5, marasa ita kilo 5.9, akasin abin da masu binciken suka zata.