Rotimi Amaechi

Chibuike Rotimi Amaechi (an haife shi ranar 27 ga Mayu, 1965) ɗan siyasar Najeriya ne. Ya riƙe muƙamin kakakin Majalisar Dokokin Jihar Ribas daga 1999 zuwa 2007, gwamnan jihar daga 2007 zuwa 2015, da kuma ministan sufuri daga 2015 zuwa 2022.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Amaechi a garin Ubima da ke ƙaramar hukumar Ikwerre. Ya yi digirinsa na farko a fannin Turanci da adabi a Jami'ar Fatakwal, inda ya kammala a 1987.

Majalisa da gwamnati

A 1999 aka zaɓe shi ɗan majalisar jiha a jam'iyyar PDP, kuma ya shugabanci majalisar tsawon shekara takwas. Ya lashe zaɓen fid da gwani na takarar gwamna, amma jam'iyyar ta maye gurbinsa da Celestine Omehia. A ranar 25 ga Oktoba, 2007, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa shi ne halastaccen ɗan takara, washegari aka rantsar da shi. Ya koma APC a 2013, ya kuma jagoranci yaƙin neman zaɓen Muhammadu Buhari a 2015 da 2019.

Ministan sufuri

Manufarsa ta fi karkata ga farfaɗo da jirgin ƙasa. A ranar 26 ga Yuli, 2016, aka buɗe layin dogo na zamani mai tsawon kilomita 186 daga Idu a Abuja zuwa Rigasa a Kaduna. An fara aikin ne tun zamanin Goodluck Jonathan, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina shi da rancen da aka karɓo daga can. Layin na da tasha a Kakau da ke ƙaramar hukumar Chikun, wadda Sabon Tasha ke cikinta. A watan Janairun 2018 aka buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Kakuri, kudu da kogin Kaduna.

An buɗe layin Itakpe zuwa Warri a 2020, na Legas zuwa Ibadan a 2021. A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi ta Katsina. A 2022 Sarkin Daura ya naɗa shi Ɗan Amanar Daura.

Suka da ƙalubale

Masu suka sun nuna damuwa kan yawan bashin ƙasar Sin, wasu kuma sun soki kai layin dogo Nijar alhali wasu yankunan Najeriya ba su samu ba. Gwamnati ta ce layin zai jawo kayan Nijar zuwa tashoshin ruwan Legas.

A ranar 28 ga Maris, 2022, 'yan bindiga suka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna hari, suka kashe aƙalla mutum 8, suka sace fiye da 60. Amaechi ya ce ya riga ya nemi a sayi na'urorin sa ido a kan layin, ba a amince ba. Jirgin bai dawo aiki ba sai watan Disamba.

Takarar shugaban ƙasa

Ya ajiye muƙaminsa a watan Mayun 2022. A zaɓen fid da gwani na APC ya zo na biyu da ƙuri'a 316, bayan Bola Tinubu. A 2025 ya fice daga APC zuwa ADC.