Tawayen Sarkin Haɗejiya Buhari

A zamanin Daular Usmaniyya, sarakunan tuta, wato magadan waɗanda suka karɓi tutar jihadi, suna mulkin ƙasashensu ne bisa mubaya'a ga Sakkwato, wadda ke riƙe da ikon naɗi da tuɓewa. Wannan iko ya gamu da jarrabawa mai tsanani a Haɗejiya, inda Buhari ɗan Sambo, wanda ya hau gadon sarauta a 1848, ya kashe Nalara, Sarkin Auyo, har Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi, ya naɗa Ahmadu, ɗan'uwan Buhari. Buhari bai sallama ba, domin ya dawo ya ƙwace garin, ya tarwatsa rundunar daular a Gamon Kafur a 1853, kuma talakawan gabashin Kano sun sha azabar hare-harensa har rasuwarsa a 1863.